Zanen Kaka a Bangon Littafina

A danginmu ba a fara morar sabon abu sai an kai wa Inna ta tofa masa albarka. Inna yayar mahaifiyata ce, ita ce babba cikin 'ya'yan Kaka, mutumin da ya taso daga ƙasar Gobir da ƙafa ya yi hajjinsa, a hanyar komawa ya ya da zango a Omdurman, bai sake tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Wanda ya sayi raksha, keken nan mai ƙafa uku, ƙofar gidan Inna a Umbadda yake fara kai ta. Wadda ta sayi keken ɗinki, a ka ake ɗauko shi. Inna za ta dafa abin da hannun dama, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, ta ambaci sunan mai shi, ta tofa, mu ce amin. Na ga an yi wa firji, na ga an yi wa takardar gama jami'a, na ga an yi wa akuya. Duk wannan kafin yaƙi ya watsa mu ne.

Ni littafi na so ta tofa wa. Shekaru na yi ina rubuta labarin Kaka, da Hausa, da haruffan boko, abin da kowa a unguwarmu ya ɗauka neman wahala ne. Mu Hausar baki muke yi. Mu yi ciniki da ita, mu yi faɗa da ita, amma in alƙalami ya shiga hannu Larabci ke fita. Na koyi rubuta ta ne daga abubuwan da ke zuwa mana ta waya daga Najeriya, ina bi ina kwaikwaya, bayan na dawo daga makarantar da nake koyarwa. Labarin kuwa kusan duka daga bakin Inna na ɗebo shi. Ni ce mai zama da ita a rumfar tsakar gida, ni ce mai daka mata gahawa da citta, ni ce mai jure a ba ni labari ɗaya sau biyar don in sami sabuwar kalma a na shida. Saboda haka ban taɓa shakkar cewa littafin Kaka nawa ba ne, kuma albarkarsa tawa ce.

Sai ga taubashiyata.

'Yar kawuna ce, ƙanin Inna, suna zaune a Sahafa, can ƙetaren kogi a kudancin Khartoum. Shekararmu ɗaya. Tun muna 'yan mata ake auna mu kamar buhu biyu a sikeli, kuma ban tuna ranar da nawa ya rinjaya ba. In na zo ta biyu a aji, ita ta ɗaya ta zo a nasu. In na ɗinka riga, tata ce ake tambayar wa ya ɗinka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ma san ana gasar ba. Wasan taubasai ya ba ta lasisin faɗa mini duk abin da ta ga dama tana dariya, ni kuma dole in yi dariyar, in ba haka ba a ce ba ni da wasa.

Wata Juma'a na karanta wa dangi babi guda, wanda Kaka ya yi noman ƙodago a hanya don ya sami guzuri. Ta saurara da kunne biyu, har da share hawaye. Ba a rufa shekara ba ta aiko a zauren hirar dangi na waya cewa ita ma ta gama littafi a kan Kaka, da Larabci. Aka yi ta zuba mata mashaAllah. Ni ma na rubuta tawa, na kife wayar, na rasa abin da ke mini daɗi har washegari. Na ji kishi, kishi sosai.

Da ni da ita, babu mai halin buga littafi a takarda. Duka biyun na waya ne, a ɗora a shafin sayar da littattafai, mai so ya sauke. Littafi irin wannan ba shi da jiki. Ba a dafa shi, ba a jin nauyinsa. Abin da za a iya miƙa wa tsohuwa ta gani shi ne bangonsa kawai, hoton nan da ke fara bayyana a gilashin waya. Inna kuwa ba ta karanta boko, Larabcin ma ido ya hana ta sai abin da ta haddace. Bango shi ne littafin gaba ɗaya a wurinta.

Hoton Kaka guda ɗaya ne a duniya. Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, wanda aka ɗauka don takardun jirgin ruwa. Yana cikin akwatin ƙarfe a gidan Kawu, don shi ne namiji, shi ya gaji akwati. Mu 'ya'yan mace labari muka gada. Abin da nake da shi kwafi ne da wani ya taɓa ɗauka da waya ya jefa a zauren dangi, daga nan ya yi ta yawo, wannan ya tura wa wancan, har ya iso gare ni. A lokacin ban san duk turawa tana ɗan rage masa wani abu ba.

Ranar da na zauna haɗa bango, shafin ya nuna girman da suke so: faɗi ɗigo dubu ɗaya da ɗari shida, tsawo fiye da dubu biyu da rabi. Na dubi lambobin na yi tsaki. Na ce waɗannan mutane ba su san Dar Salam ba. A can 'yan uwanmu suke, a gidajen laka na bayan gari, inda sai mutum ya hau katanga yake samun shabaka, wato sabis ɗin waya, inda littafi ke tafiya daga waya zuwa waya a zaman makoki da gidan suna. Wa zai iya sauke abu mai nauyi a can? Wa ke da wuri a wayarsa? Na zaɓi mafi ƙanƙantar girman da shafin ya yarda ya karɓa, na ƙara matse shi don ya yi sauƙi. Na duba a wayata, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, na ga Kaka ras da rawaninsa. Har na yaba wa kaina. Na ce ita ta yi wa masu kuɗin Sahafa, ni na yi wa talakawa. Har yau ina ganin tunanin nan ba laifi ba ne.

Muka haɗu a gidan Inna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kamar yadda aka saba. An ci kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, an kawo agashe daga bakin titi, maza na gefe guda, mata na kewaye da gadon igiyar Inna. Na riga kowa zuwa don in fara, amma na tsaya jiran a kwashe kwanuka. Taubashiyata ba ta jira komai ba. Ta zaro wata babbar waya mai faɗin faranti daga jaka, irin wadda suke kira tab, mijinta ya aiko mata daga Saudiyya. Ta durƙusa ta ɗora wa Inna a cinya.

"Gwaggo, shufi, dubi wanda na kawo miki."

Inna ta matso da fuska. Taubashiyata ta kama mata yatsu biyu ta koya mata yadda ake buɗa su a kan gilashi, hoto ya taso. Ni ina tsaye a bayansu, na gani da idona. Kaka ne kamar zai yi magana. Zaren rawaninsa ana ƙirgawa. Ga zanen Gobirawa a kumatunsa, layi bayan layi, daga gefen baki zuwa kunne, kowanne a fili. Inna ta sa ɗan yatsa tana bin su ɗaya-ɗaya.

"Baba ne," in ji ta. "Wallahi Baba ne. Ga wanda wanzami ya karkace masa."

Ta dafa gilashin, ta yi addu'a mai tsawo, ta ambaci sunan taubashiyata da na ubanta, ta tofa. Gida ya ɗauki amin. Wata ma ta rangaɗa guɗa. Ni ma na ce amin ɗin, amma ta fatar baki kawai.

Da aka natsa na miƙa tawa wayar. Inna ta kai ta kusa, ta kai ta nesa, ta ce ba ta ganin komai a wannan 'yar aba. Nan taubashiyata ta yi abin da har gobe ban yanke hukunci a kansa ba, ko taimako ne ko mugunta.

"Kawo, ya zola, mutuniyata, in buɗe miki a nawa. Ai na sauke littafinki tun jiya."

Ta buɗe. Da ma ƙasa ta tsage. A wancan gilashi mai kyau, Kakana ya koma kamar hoton da aka bari a aljihu aka wanke rigar. Rawani ya haɗe da bango, idanu sun zama ramuka biyu. Inna ta buɗa yatsunta yadda aka koya mata yanzun nan, fuskar ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai masu toka-toka. Babu zane ko ɗaya. Kumatu sumul.

"Wane ne wannan?"

"Kaka ne, Inna. Hoton nan dai ne."

"A'a. Babana Bagobiri ne. Wannan shafaffen fuska daga ina kika samo shi?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya dariya ce. Kawu ya leƙo ya ce wataƙila Kaka ne kafin a yi masa zane. Aka ƙara fashewa. Na yi ƙoƙarin bayani, na kawo zancen Dar Salam da shabaka, Inna ta ɗaga mini hannu.

"'Yar nan, ba na tofa wa baƙo. Ki kawo mini Baba in tofa."

Na koma gida raina a jagule. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni ban ji haushin Inna ba ko kaɗan. Duk haushina na kan wadda ta buɗe hoton a tab.

Kwanakin da suka biyo baya na gwada duk dabarar da za ta hana ni zuwa Sahafa. Na ɗauki ƙaramin hoton na ja shi ya kai girman da shafin ke so. Lambobi suka cika, fuska ta ƙara lalacewa, don abin da babu shi ba ya dawowa da ja. Wata malama a makarantarmu ta nuna mini manhajar da ke gyara tsofaffin hotuna. Na saka Kaka, ta fito mini da wani kyakkyawan saurayi mai santsin fata da gyararren gemu, irin na tallar turare. Da na kai wa Inna wannan da sanda za ta bi ni. Har na buɗe littafin taubashiyata da niyyar in yanko fuskar daga bangonta, in huta. Sai na tarar ta ɗora sunan littafin da ruwan zinariya ya ratsa gefen rawanin, ba yadda za a yanka ba a gane ba. Ko a nan ta riga ni.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, haka na yi ta faɗa wa kaina a cikin motar haya, muna tsaye cik a kan gada, zafi na dukan rufin. Sai dai wadan nan ya fi ni tsawo, shi ne abin haushin.

Ta tarbe ni da fara'a, ta kawo godogodo mai sanyi, furar nan tamu da Larabawan gari suka koya a wurinmu. Ba ta bari na gama kame-kame ba.

"Kin zo biko ne, baiwata?"

"Wa ce baiwarki? Na zo karɓar gadon uwata ne. Hoton nan ba na babanki shi kaɗai ba ne."

"Tamam, na ji. Da kin tambaya tun farko ai da an ba ki. Girman kai ne ya hana ki, Bagobira."

Ta shiga ɗakin Kawu ta fito da hoton a cikin tsumma. Ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan. Bai kai tafin hannuna ba, gefensa ya yi ja, amma zanen na nan, siriri, kamar an ja da allura. Na daɗe ina kallo. Na ji wani sabon kishi ya taso a kan tsohon, na cewa ita a gidan da wannan abu yake ta girma, tana iya buɗe akwati duk ran da ta so, kuma ba ta taɓa zama awa guda tana sauraron Inna ba.

Ta ce ta kai shi wani shagon hoto ne aka ɗauke shi da injin sikana, a mafi girman da injin ke iyawa. Ta ɗora wayata kusa da tab ɗinta tana nuna mini.

"Kin ga, hoto ɗigo-ɗigo ne, biksil. Gilashin wayarki ɗigonsa manya ne, kaɗan ke cika shi, shi ya sa kika ga naki lafiya. Na yanzu ɗigonsu ƙanana ne, a cushe. In kika ba shi hoto mai ɗigo kaɗan, dole ya shimfiɗa shi ya rufe wurin, sai ya yi dishi-dishi. Ki ajiye babban, shi za ki ba shafin. Mutanen Dar Salam ki cire musu mara nauyi daga jikinsa. Daga babba ake yanka ƙarami."

"Na sani," na ce. Ban sani ba.

Ba ta tura mini ta zauren hira ba, ta ce zai rage. Ta zuba mini a ɗan katin ajiya, ta naɗe a takarda, ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da raksha. Da ta yi mini rowa da na fi samun sauƙi, da na sami abin faɗa wa mahaifiyata. Alherin nan nata ya fi komai ƙona ni.

Na sake bangon daga farko. Wannan karon na bi lambobin shafin ba gardama. Na yi iya yina don kada ya yi kama da nata. Ita ta sa ruwan ƙasa a bayan hoton, ni na sa kore. Ita ta rubuta suna a sama, ni na kai shi ƙasa, da manyan haruffan boko, sunana a ƙarƙashi. Na fitar da mara nauyi na tura Dar Salam, suka ce ya buɗe. Na ari tab a wurin malamar nan ta makarantarmu, na duba, na buɗa yatsu har kumatun Kaka suka cika gilashin. Kowane layi na nan, har wanda wanzami ya karkace. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye wa kaina ba. A idona ya fi nata kyau.

Ban jira Juma'a ba. Ba na son taro, ba na son kowa ya taya ni buɗe komai. Na je da hantsi ranar da ba ni da darasi, na sami Inna ita kaɗai a rumfa tana jan carbi. Na gaishe ta, na daka mata gahawa, na bari ta sha kofin farko. Sannan na durƙusa na ɗora mata tab ɗin a cinya.

"Inna, ga shi na kawo."

Ba ta dubi koren ba, ba ta dubi rubutun ba. Yatsunta sun riga sun iya. Ta buɗa su, sunan littafi da sunana suka zame suka fice ta ƙasan gilashin, fuskar Kaka ta rage ita kaɗai. Ta yi murmushi, ta bi zanen da ɗan yatsa.

"Allah sarki, Baba. Ta sake aiko mini da shi ke nan. Yarinyar nan akwai zumunci."

Kafin in buɗe baki ta dafa gilashin ta shiga addu'a. Ba a katse Inna in tana addu'a, ba a taɓa yi ba. Ina durƙushe ina ji ta roƙa wa littafin karɓuwa, ta roƙa wa mai shi buɗi da ɗaukaka da zuri'a ta gari, ta ambaci sunan taubashiyata da na ubanta, ta tofa.

"Inna, nawa ne fa. Ni na yi wannan. Dubi ƙasa, ga sunana."

Na matse hoton ya koma daidai, na nuna mata haruffan. Ta dube su yadda take duban zanen tabarma. Ta girgiza kai.

"Naki ai na gan shi, mai shafaffen mutumin nan. Wannan na 'yar ƙanina ne, a wannan faranti ta nuna mini, gaban kowa." Ta dafa kaina, muryarta a tausashe. "Ki rage kishi da 'yar'uwarki, kin ji? Tun kuna yara nake lura da ke. Ki je ki gyara naki, ki sa Baba, ki kawo mini. Ina nan, zan tofa."

Na ce to. Ta miƙo kofi in ƙara mata gahawa, na ƙara. Sannan na sa bakin mayafina na goge yawun daga gilashin, don tab ɗin na aro ne, kuma na yi wa mai shi alkawarin mayarwa kafin azahar.